Ranar da Mazurari Ya Hana Dariya

Shekara goma sha tara Mazurari ya yi yana faɗuwa a gaban kamara. Ya faɗa rijiya, ya faɗo daga kan babur, ya zauna a kwandon tumatir, an mare shi da ɗanyen kifi, surukan fim kuwa sun kore shi da tsintsiya ya fi a ƙirga. Duk ɓarnar da ya tafka a fim, in an ritsa shi sai ya ɗaga hannu biyu sama, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Ni dai ba ruwana!" Daga nan sai gidan kallo ya kaure da shewa. Sunan ma a fim ɗinsa na farko ya samo shi, inda ya fito a mai gadi, ya kifa mazurarin mai a ka wai hular kwano ce. Fim ɗin ya daɗe da ɓacewa daga kasuwa, sunan kuwa ya manne masa kamar kaska.

Fuskarsa ce jarinsa: doguwa, da kunnuwa fato-fato, da haɓa mai tsini. Ba sai ya ce komai ba. In ya shiga banki, 'yan layi sai su fara ƙunshe baki. Ya taɓa zuwa asibiti da ciwon haƙori, kumatu a kumbure, likita ya ajiye allura ya fita waje ya ƙarasa dariyarsa sannan ya dawo. Abin bai taɓa damunsa ba, sai bayan da gada ta rufta.

Gadar ƙafa ce ta siminti, a kan babbar magudanar ruwan da ta raba unguwarsu da kasuwa da makarantar firamare. Ɗan Majalisar yankin ne ya kawo aikin ana saura wata uku zaɓe. Wata bakwai da buɗe ta, wata Talata da hantsi, bayan an kwana biyu ana tafka ruwa, ta karye daga tsakiya da mutane a kanta. Yayan Mazurari, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda kowa ke kira Mai Faci saboda rumfarsa ta facin taya da ke bakin gadar, shi ya fara tuɓe riga ya faɗa ruwan. Ya fito da mace ɗaya, ya koma ya fito da yara biyu ɗaya bayan ɗaya. Shiga ta huɗu ce bai dawo ba. Sai washegari aka same shi can bayan mayanka, ya maƙale a jikin wani tsohon bututu. Mutum shida aka rasa har da shi. Aka kafa kwamiti, kwamitin ya yi zama uku, ya fitar da takarda cewa ruwa ne ya yi yawa.

Auta ce ta ƙi yarda da takardar. Ƙanwar matar Mazurari ce, a gidansa ta ƙarasa girma. Ta karanci aikin jarida, aiki bai samu ba, ta kama wani ɗaki a saman shagon masu gyaran waya tana tace wa mutane hotunan taro da na talla. Ta ɗauki kamararta ta ce za ta yi fim ɗin gaskiya, irin wanda ba a rubuta wa kowa abin da zai faɗa. Shekara guda tana bin gidajen mamatan. Ta samo wani tsohon injiniya da ya yarda ya sauka cikin magudanar da rani, ya riƙe rodin gadar a hannu ɗaya, biro a ɗayan, ya nuna wa kamara cewa kaurinsu ɗaya. Ta samo hoton Ɗan Majalisa yana yanke ƙyalle ranar buɗewa, ta samo takardar da ta nuna kamfanin da ya yi aikin na ƙanin matarsa ne. Daga ƙarshe ta zo gida ta durƙusa gefen kujerar Mazurari.

"Yaya, saura kai."

"Ni kuma? Haba Darakta, fim ɗin naki ai babu kwandon tumatir. A ina zan faɗi?"

"Ba wasa nake ba, Yaya."

"Na sani," in ji shi.  "Gobe da safe. A rumfarsa."

Ya zauna a kan tsohuwar tayar da yayansa ke zama, babu hoda, babu kayan wasa, ya yi magana ta minti arba'in. Ya faɗi yadda Mai Faci ya bar makaranta don shi ya yi, yadda ya saya masa rigar farko da ya shiga fim da ita, yadda aka kira shi bayan mayanka ya duba gawa, bai gane fuskar ba sai tabon ƙunar roba a hannun dama. Auta ta kashe kamara tana share hanci da gefen gyale.

Da ta gama haɗa fim ɗin sai ta gayyaci mutum goma sha biyu ɗakinta don gwaji, ƙawayenta da abokan karatu da malamai biyu. Mazurari ya iso an riga an fara, ya tsaya a bakin ƙofa ba wanda ya gan shi. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Uwar ɗaya daga cikin yaran da suka rasu tana magana a allo, wata cikin 'yan kallo tana kuka ƙasa-ƙasa. Hoto ya juya. Fuskar Mazurari ta cika allo.

Dariya ta ɓarke. Ba ta mugunta ba ce, fita ta yi kawai kamar atishawa. Suka yi saurin haɗiye ta, amma da ya kai hannu ya sosa kunne a cikin hoton, wani ya sake tuntsirewa, ta gefensa ta zungure shi da gwiwar hannu, ita ma kafaɗunta na rawa. Daidai lokacin Mazurarin cikin allo yana cewa, "Da tabon hannunsa na gane shi."

Ya sauka daga benen a hankali, ya zaga bayan shagon ya zauna a kan wani bulo har baƙi suka watse. Can Auta ta same shi, idonta ya yi ja.

"Ka gani ko, Yaya?"

"Na gani, na ji."

"Ina ganin zan bar muryarka kawai, in ɗora hoton ruwa a kai. Ko in cire wurin gaba ɗaya. Ba don komai ba, don kada a riƙa dariya ana maganar marigayi."

"Bari in kwana da maganar," in ji shi.

Bai gama kwana da ita ba, da safe waya ta shigo. Furodusa ne, mutumin da ya yi rabin finafinansa, wai ya zo ofis yanzu-yanzu akwai albishir.

Ofishin Furodusa duk bango fosta ne: jarumai da bindigogi, mota na ci da wuta, wani ya daka tsalle ƙafarsa na shirin sauka a ƙirjin wani. Fostocin Mazurari suna can lungu kusa da firji. Kowa a harkar ya san cewa ba barkwanci ya kawo shi fim ba. Yana saurayi kareti ya koya, fim ɗin faɗa ya zo yi. Ranar gwajinsa na farko ya daka tsallen duka, wando ya yage tun daga gaba har baya, darakta ya faɗi ƙasa yana riƙe da ciki, daga ranar aka rufe masa waccan ƙofa aka buɗe masa wannan.

Furodusa ya turo masa wani littafin labarin fim mai kauri a cikin sabon bango.

"Buɗe ka gani, mutumina. Jarumi. Ba abokin jarumi ba, ba mai gadi ba. Tsohon soja ne ya dawo gida ya tarar 'yan daba sun kama unguwa. Faɗa bakwai, tseren mota biyu, babu faɗuwa ko ɗaya, sai dai ka kayar da wasu."

Mazurari ya buɗe. Takardar na ƙamshin sabunta. Ya karanta shafin farko, ya ɗora littafin a cinya.

"Maigida, wa zai ɗauki nauyin wannan?"

"Wani babban mutum ne mai son ci gaban harkarmu." Furodusa ya gyara zaman agogonsa. "Alfarma ɗaya ya nema. Wannan ɗan fim ɗin na ƙanwarka. Ba ya cewa a hana ta, a'a, zamanin hana mutane ya wuce. Kai dai ka janye. Layi biyu za ka rubuta cewa ba ka yarda a sa fuskarka ba. In babu kai wa zai kalla? Mutum talatin, su yi tafi su tashi."

Mazurari ya ɗago kai. Jiya aka ce masa fuskarsa ce ke ɓata fim ɗin, yau ga babban mutum na neman sayen ta don kada ta fito. 

"Kuma tsakani da Allah taimakonka nake," Furodusa ya ci gaba. "Labarin abin da ya faru jiya a ɗakin gwaji ya zo min. Kana maganar ɗan'uwanka mutane na ƙyaƙyatawa. Kai ba a yi ka don wannan ba. A bar kaza cikin gashinta." Ya sassauta murya. "Sannan kar ka manta wa ya riƙe makirfo ranar buɗe gadar nan. Hoton na nan a ajiye. Garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta."

Bai manta ba. Shi aka ɗauko ya ja ragamar taron ranar. Ya kifa mazurarinsa a ka, ya hau tsakiyar gadar ya yi tsalle bakwai, ya ce ko giwa ce ta zo da 'ya'yanta da kayan ɗakinta ta wuce abinta. Jama'a suka yi ta dariya, har da Mai Faci daga bakin rumfarsa, yana ɗaga masa famfon iska.

Ya ɗauki littafin ya tafi da shi gida.

Matarsa, wadda kowa ke kira Malama har da shi, tana koyarwa a firamaren da ke tsallaken magudanar. Da la'asar ya same ta tana gugar kayan makarantar yara, shi kuma ya zauna ya karance labarin tas, ya sake komawa farko.

"Ka gama?" ta tambaya ba ta ɗago ba.

"Sau biyu."

"Ya yi kyau?"

"Ya yi kyau, Malama. Akwai inda zan diro daga saman bene in sauka a kan ƙafafuna."

"Da wace gwiwar? Ta hagun da kake shafa wa man zafi?"

Ya yi murmushin da bai kai ido ba, sannan ya kwashe yadda suka yi da Furodusa ya gaya mata, har da maganar hoton tsalle. Ta jingine dutsen guga.

"Hoton nan ai yana wurin Auta tun bara. Ni na ce ta ɓoye shi."

"Ke? Don me?"

"Don na ga yadda ka koma bayan rasuwar Yaya. Abinci sai an yi da gaske, in an yi ruwa ka kasa zama wuri ɗaya. Tsalle ka yi a kan gada, Baban yara, ba kai ka kwaɓa simintin ba."

"Amma bakina ne ya ce a hau."

Ta dube shi irin duban da take yi wa ɗalibin da ya san amsa yana noƙewa. "To in bakinka ne ya ce a hau, ai bakin na nan. Ba a ɗinke shi ba."

Washegari ya ajiye littafin a teburin Furodusa, ya gyara masa zama daidai da gefen tebur.

"Maigida, na gode. A nemi wani."

Furodusa ya jawo littafin gabansa. "Mazurari, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne."

"Shekara goma sha tara kana jefa ni rijiya a finafinanka, Maigida. Kullum ina fitowa."

Daga nan bai zame ko'ina ba sai ɗakin Auta. Ya same ta ta riga ta fara ɗora hoton ruwa a kan muryarsa.

"Cire ruwan nan, ki mayar da fuskata. Kuma hoton da yayarki ta ce ki ɓoye, ki sa shi gab da maganata. Tsalle bakwai na yi, kar ki rage ko ɗaya."

"Yaya, tsine maka za a yi."

"A tsine. Shi Furodusa wancan hoton ya riƙe yana jira ya tsorata ni da shi. In ni na fara nuna shi, me ya rage a hannunsa?"

"Dariyar fa?"

"Wannan ki bar min. Sana'ata ce."

Gidajen sinima biyu ne a garin, duka Auta ta nemi su haska fim ɗin. Na farko ya ce majiginsa ya lalace, na biyu ya ce wutarsa na da matsala, alhali duka biyun suna haska fim ɗin faɗa safe da yamma. Malama ce ta samo musu zauren ƙungiyar malamai, ranar Asabar ƙarfe huɗu. Aka toshe tagogi da barguna da kwalaye don allo ya fito, zafi ya taru a ciki kamar tanda, amma kafin uku da rabi babu masaka tsinke. Mutanen unguwa, 'yan kasuwa, malamai, da masu yawa da suka zo kawai don sun ji an ce sabon fim ɗin Mazurari ne. Sahun gaba kuwa wasu samari kusan ashirin ne suka cika shi, duk hula iri ɗaya, waɗanda motoci biyu suka sauke a bakin ƙofa.

Fim ya fara. Da injiniya ya haɗa rodi da biro, zauren ya ɗauki guna-guni. Da iyayen yaran suka yi magana, aka yi shiru. Sai ga Ɗan Majalisa da almakashi, ga Mazurari da mazurarinsa a ka yana tsalle a tsakiyar gada, ɗaya, biyu, har bakwai. Wasu suka yi dariya. Auta ba ta ba su sararin ƙarasawa ba, daga tsalle na bakwai hoton ya yanke kai tsaye zuwa gadar a karye, ruwa na bi ta tsakiyarta. Dariyar ta maƙale. Sai fuskarsa ta fito, a kan tayar yayansa.

Sahun gaba ya tashi kamar an kunna shi. "Mazurari! Mazurari! Ni dai ba ruwana!" Tafi, fito, buga ƙafa, wani har da kwanciya a jikin na kusa da shi. Dariya kuwa mugun abin yaɗuwa ce, nan da nan ta kama wasu a tsakiya da baya. Bakin Mazurarin allo na motsi, ba a jin ko kalma ɗaya.

Ya miƙe daga kujerarsa ta gefe. Malama ta riƙe hannun rigarsa, ta dube shi, ta saki. Ya taka zuwa gaba, ya ɗaga wa Auta hannu ta tsayar. Hoton ya daskare da ƙatuwar fuskarsa, baki a ɗan buɗe, shi kuma ga shi tsaye a ƙarƙashinta, hasken majigi na dukan idonsa. Dariya ta ninka.

Bai ce uffan ba. Ya haɗa hannuwa a baya ya tsaya. In akwai abin da ya sani a duniya, to dariya ce. Ya san tana da numfashi, in ba a ƙara mata itace ba mutuwa take, ya kuma san ta haya ta fi saurin gajiya. Ya riƙa bin samarin da kallo ɗaya bayan ɗaya. Bai kanne ido ba. Kunnensa na masa ƙaiƙayi kamar ya mutu, ya ƙi sosawa. Minti ɗaya ya wuce. Na baya suka fara yin shiru. Minti biyu. Na tsakiya suka sunkuyar da kai. Sahun gaba ya riƙa raguwa, mutum biyar, mutum uku, har ya rage wani mai ƙatuwar murya shi kaɗai. Ya ƙwalla "Ba ruwana!" sau ɗaya, muryar ta faɗi a tsakiyar zauren kamar cokali a kan siminti. Ya waiwaya hagu da dama, ya gyara hula.

"Kun gama?" in ji Mazurari. Babu makirfo, amma har na bakin ƙofa sun ji. "In da saura ku ƙarasa, zan jira. Ba na jin haushin mai dariya, da ita na ciyar da 'ya'yana."

Ba wanda ya motsa.

"Wancan da kuka gani yana tsalle, ni ne. Ba a ɗaura min igiya ba. An ba ni makirfo aka ce in gaya wa mutane gada ta yi ƙwari, na faɗa, ban tambayi kowa kaurin rodi ba. Shekara goma sha tara ina ce muku ba ruwana. Wannan kam da ruwana. Ruwan ya ci mai sayar da gawayi da 'yarta goye a baya. Ya ci tela yana hanyar kai ɗinki. Ya ci yara biyu 'yan aji uku. Ya ci yayana." Ya bi zauren da kallo, ya ci gaba. "Ni na faɗi nawa laifin a gaban kowa. Saura wanda ya yanke ƙyalle da wanda ya sayi rodi. Ku da aka kawo a mota, in kun koma ku gaya wa wanda ya aiko ku, Mazurari ya ce kamara na nan, tayar da na zauna a kai ma tana nan. Ya zo ya zauna ya faɗi nasa."

Mai ƙatuwar muryar ya zabura ya miƙe. "Kai wane ne da za ka..."

"Zauna, ɗan nan."

Wata mata ce daga sahu na huɗu, siririya, mai baƙin mayafi. Ta ratso kujeru ta fito gaba.

"Ni ce ta farkon da Mai Faci ya fitar," in ji ta. "Da gashin kaina ya jawo ni. Na zo in ji abin da ƙaninsa zai ce, kuma sai na ji."

Ta tsaya gefen Mazurari tana fuskantar samarin. Tsohon injiniyan ya taso da sandarsa ya tsaya kusa da ita. Sai uban ɗaya daga cikin yaran, sai wasu malamai, sai masu gyaran wayar da ke ƙasan ɗakin Auta. Ba wanda ya taɓa kowa, ba wanda ya yi zagi, tsayawa kawai suka yi. Samarin suka fara zamewa bibbiyu, suna bin jikin bango. Huɗu daga cikinsu ba su tashi ba. Ɗaya ya cire hular ya cusa a aljihu.

Mazurari ya juya wajen majigi. "Darakta, mayar da shi farkon maganata."

Jama'a suka koma kujerunsu. Shi bai zauna ba, ya jingina da bango ya kalli kansa. Minti arba'in ɗin nan Auta ta tace su sun koma tara. Har ya zo inda ya sosa kunne, har ya zo kan tabon hannu, ba abin da ake ji a zauren sai fanka da jan majina.

Ranar Litinin aka kira shi daga wasan barkwancin da yake yi duk mako a talabijin, aka ce an gyara labari, mai gadin da yake fitowa a matsayinsa ya yi tafiya ƙasar waje. Daraktoci biyu da suka sa shi a aiki suka daina ɗaukar wayarsa. Fim ɗin tsohon soja aka ba wani saurayi mai faɗin ƙirji, kafin wata ya ƙare fostarsa ta cika bangayen gari. Mazurari ya taɓa tsayawa gaban ɗaya ya daɗe yana kallo, ya ce wa kansa yaron ya iya riƙe bindiga, ya wuce.

Fim ɗin Auta kuwa bai sake shiga wani zaure ba. Masu gyaran waya ne suka riƙa tura shi ga duk wanda ya kawo gyara, daga waya zuwa waya, har ya zamana in ka shiga motar haya sai ka ji muryar injiniya na tashi daga kujerar baya. Aka fara raɗe-raɗin za a sake kafa kwamiti. Gadar dai tana nan a karye, katako biyu aka gitta, yara na bi a kai da jakunkuna a ka.

A mako na uku, da hantsi, wani dattijo ya yi sallama a ƙofar gida da ambulan a hannu. Masinjan lauyan Ɗan Majalisa ne. Mazurari ya ba shi kujera da ruwa, ya buɗe ya karanta a tsaye. Takarda biyu ce. Ta farko ta ce ya ɓata sunan mutum mai daraja a bainar jama'a. Ta biyu neman afuwa ce an riga an rubuta masa, ya sa hannu, ya karanta a gaban kamara cikin kwana bakwai, in ba haka ba a haɗu a kotu.

Ya miƙa wa Malama. Ta karanta har ƙarshe, ta taɓe baki.

"Lauya guda, kuskuren rubutu uku a shafi ɗaya."

"Ara min jan bironki."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko. Ya ɗora takardar afuwar a kan gwiwa, ya rubuta da manyan baƙaƙe daga wannan kusurwa zuwa waccan: BAN JANYE BA. Ya sa hannu a ƙasa da cikakken sunansa, ya ninke, ya mayar cikin ambulan.

Dattijon ya karɓa da hannu biyu. "Ranka ya daɗe, haka zan kai?"

"Haka za ka kai, Baba. Ba laifinka ba ne, ɗan aike ba ya laifi. Ka gaida gida."

Ya raka shi har bakin titi, ya dawo ya ɗauki waya ya kira Auta.

"Darakta, a kotu ana barin mutum ya shiga da kamara?"

"Ba a bari, Yaya. Lafiya?"

"Lafiya lau. To ki shirya tsayuwa a bakin ƙofa. Ta nan Ɗan Majalisa zai shiga, ta nan zai fito."